Ganyen da Ya Tare Mana Bene

Yanzu da abin ya wuce ina iya ba da labarinsa har in yi dariya, amma a shekarar da Baba ya kwanta ban san inda zan sa kaina ba.

Gidanmu yana cikin unguwar New Bell a Douala, a wani lungu da ko bensikin, wato babur ɗin haya, sai ya karkata kafin ya shige. Ɗaki uku ne da kicin da 'yar tsakar gida, kuma babu ƙasa a cikinsa ko ta cika tafin hannu. Tun ina yarinya Baba ya sa aka malale tsakar gidan da siminti, domin duk damina ruwan kwata yakan shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya bar mana taɓo mai wari. A nan aka haife ni, daga nan aka kai ni ɗakin miji, nan kuma na dawo bayan rasuwarsa. Innarmu ta riga mu gidan gaskiya, 'yata ta yi aure, sai gidan ya rage daga ni sai Baba. Da safe in tafi kasuwa inda nake sayar da atamfa, da yamma in dawo in yi mana tuwo.

Baba direban babbar mota ne. Ya ƙare ƙarfinsa yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa yana kaiwa Garwa da Marwa, wani lokaci har Njamena. Ko bayan ya ajiye tuƙi bai zama mutumin ɗaki ba. Da asuba yana masallaci, da hantsi yana teburin mai shayi da tsofaffin abokansa, suna gardamar wace hanya ce ta fi cin taya a zamaninsu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, ya sulale ya zauna. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Muka daɗe a asibiti. Da za a sallame mu, matar da ke masa gashi ta ja ni gefe ta ce ƙafar za ta dawo in ana taka ta, in kuwa aka bar shi a kwance to shi ke nan. Ta ce kullum ya yi tafiya, ko da daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo ne.

Lungunmu ba wurin koyon tafiya ba ne. Duk rami ne da katakon da aka gitta a kan kwata, ga babura ba sa tsayawa kowa. Tsakar gida ce kaɗai ta rage mana. To, muna can asibiti aka gama benen da ake ginawa yamma da mu, 'yan haya suka tare. Barandar saman doguwa ce, ta kuma fuskanci tsakar gidanmu sak, har wanda ya tsaya a kanta zai iya faɗa maka irin miyar da ke cikin tukunyarmu.

Da na fara fito da Baba, na riƙe shi ta dama, sanda a hannunsa na hagu, yana jan ƙafar dama tana karce siminti. Mun kusa tsakiya sai muka ji murya daga sama.

"Asiya, Papa! Asiya!"

Wata mata ce tana shanya, ta leƙo tana masa sannu irin ta mutanen nan. Kusa da ita wasu samari biyu suna cin fanke, su ma sun zubo mana ido. Ba da mugunta ba ne, na sani. Amma na ji jikin Baba ya sandare a hannuna. Ya juya, muka koma ɗaki. Da na zaunar da shi ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Ban zama abin kallo ba."

Daga ranar ya ƙi fita. Na yi lallashi, na yi fushi, na kira abokansa suka zo suka yi nasu. Sai ya saurare su tsaf, in sun tafi ya juya wa bango fuska. Ina gani ƙafar tana ƙara motsewa, ina gani mutumin da ya saba faɗa da dariya yana zama kamar baƙo a ɗakinsa.

Yayana yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, gidansa kuma a Kotto yake, mai fili da ciyawa da doguwar katanga. Ya zo ya durƙusa gaban Baba ya ce ya koma can.

"Baba, ba mai ganinka a wurina. Ga iska, ga fili."

"Ba mai ganina," in ji Baba, "ba kuma mai gaishe ni. Kiran salla ma sai an kasa kunne."

Yaya ya fito tsakar gida ya tsaya yana kallon benen. Ya ce a ƙara wa katangarmu bulo. Magini ya zo ya ƙwanƙwasa ta, ya ce ƙasar unguwar nan ruwa ce zalla, katangar kuma tushenta bai yi nisa ba, in aka ɗora mata nauyi wata rana za ta kwanta a kan wani. Aka ce kwano, na ce ta wannan ɓangaren 'yar iskar da muke samu take shigowa, in aka toshe da kwano sai mu dahu. Muka gwada tamfol. Ya mai da gidan duhu, ya riƙa tara ruwa yana tsami, iskar farko mai ƙarfi kuma ta yaga shi ta rataye a wayar wuta.

A unguwar Akwa na ga abin da ya fisshe mu. Na je sayen maganin Baba a wani famasi, ruwa ya tsare ni, na fake a ƙofar wani ofis. Sai na lura bangon da na jingina kusa da shi duk ganye ne, daga ƙasa har sama, ba ka ganin siminti ko kaɗan. Da farko na zaci na roba ne. Na taɓa, na ji ɗanye. Na sa hannu na ɗaga ganyen na leƙa, sai ga ƙarafa a tsaye, an jera wasu 'yan aljihuna cike da ƙasa, kowanne da shukarsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙarafan ba su jingina da bangon ba, da ƙafafunsu suke tsaye. Mai gadi ya zo yana tambayata ko na yar da wani abu ne. Na ce a'a, kallo nake. Har ruwan ya ɗauke ban sani ba.

A taksi na dawo ina ta ginawa a raina. Ganye zai tare ido, ba zai tare iska ba. Nauyinsa kuma ba a kan katanga zai zauna ba.

Akwai wani mai walda a bakin titinmu, Bafulatanin Garwa, mai dogon tunani kafin ya yi magana. Na kawo shi gida na yi masa bayani da hannu da ƙafa. Ya kalli katangar, ya kalli barandar, ya ce zai kafa ginshiƙai a cikin gida, su zarce katangar da tsawon mutum, samansu ya ɗan rusuno ciki kamar rumfa, sannan ya shimfiɗa ragar waya. Na ce ya ƙara mini abu ɗaya: bututun ƙarfe a kwance, daidai ƙugu, daga ƙofar ɗakin Baba har bakin famfo.

"Hajiya, wannan na mene ne? Shanya?"

"Kai dai sa mini. Ka goge shi ya yi santsi, kada ya yanki hannu."

Ya dubi labulen ɗakin Baba, bai ƙara tambaya ba.

Ranar da suka fasa simintin don kafa ginshiƙai na ga ƙasar gidanmu, wadda rabona da ita tun ina wasan 'yar tsana. Baƙa ce ƙirin, kafin a gama haƙa rami ruwa ya taru a gindinsa. Suka zuba tsakuwa da kankare, suka kafa ƙarafan, aka shafe su da jan fenti saboda tsatsa. Da suka tafi na tsaya ina kallo. Gidan ya koma kamar kejin kaji. Mutanen sama kuwa sun jeru a baranda suna kallon sabon abin kallo.

Ba ni da aljihuna irin na Akwa, sai na bi matan da ke suya a unguwa na tattaro jarkokin mai, irin masu ruwan ɗorawa. Na yanke su a kwance, na wanke da toka da omo har hannuna ya yi kanta. Ƙasa kuma na sayo wurin masu sayar da furanni a gefen titi, aka kawo mini a amalanke. Na cika jarkokin, na ɗaɗɗaure su a jikin raga da waya da tsummokaran atamfa, layi bisa layi. Na shuka abin da raina ke so: yakuwa, rama, kuɓewa, barkono, na'ana'a, da wasu furanni ja da mai sayarwar ya rantse mini ba sa mutuwa. A gindin ginshiƙai na binne 'ya'yan soso da wake don su hau sama.

Kusan duk suka mutu. Ruwan Douala ba ya tambaya, in ya fara sai ya wuni. Hujin da na yi wa jarkokin bai isa ba, ƙasar ta cuɗe ta zama kunu, ganye ya yi rawaya ya langwaɓe. In na tona sai in ji saiwar ta ruɓe tana wari. Wata safiya na leƙa jarkar da ke can ƙasa na ga 'ya'yan sauro suna iyo. Na zauna a kan turmi na rafka tagumi. Na zo in kare ubana daga idon mutane, na ɓuge da kiwon sauro a ƙofar ɗakinsa.

Yaya ya kira a waya, na faɗa masa. Ya ce, "On va faire comment? Ya za mu yi? Ki haƙura, kin yi ƙoƙari." Wannan haƙurin da ya ba ni shi ya tayar da ni. Na sauke jarkokin duka, na juye ƙasar a kan buhu ta sha iska. Na gasa ƙusa a murhu na huda gindin kowace jarka har ta koma kamar rariya. Na sa gutsattsarin gawayi a ƙasa, na cuɗa ƙasar da ɓawon kwakwa da na daddaka, ta yi sakwa-sakwa, ta kuma rage nauyi. Sannan na daina jayayya da garin. Na fara lura da abin da ke fitowa da kansa a jikin tsofaffin katangu da bakin kwata, ba mai ba shi taki ba mai kula shi. Akwai wani ganye mai kama da gashin zakara da ke tsirowa a duk inda siminti ya tsage, akwai wani mai faɗi mai zanen fari da ke bin bango. Na riƙa tafiya da wuƙa a jaka, in na gani in ɓanɓaro. Na ƙara da ganyen dankali, da ɗoɗɗoya, da shuwaka, da ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemo. Na'ana'a da barkono su kaɗai suka tsira daga shukar farko ta cikin jarkoki, sai na mai da su layin sama inda rana ke taɓawa. Soso kuwa tun farko bai damu da kowa ba, ya riga ya kama raga yana hawa.

Duk wannan hidimar Baba yana ɗaki. Amma na lura labulen tagarsa ya daina zama a sake, kullum akwai ɗan gefen da aka ɗage.

Ina mayar da jarkokin, na hau kujera ina ɗaure wata a layi na sama, sai tsumman ya zame. Jarkar ta faɗo ta daki ta ƙasa da ita, su biyun suka tarwatse a siminti. Ina tsaye a kan kujera ina salati sai na ji muryarsa, a karkace amma da ƙarfinta.

"Uwata!"

"Na'am, Baba."

"Wa ya koya miki ɗauri?"

Na juya. Yana bakin ƙofa a tsaye, kafaɗarsa jingine da katako, sanda a hannun hagu. Ban san yadda ya taso shi kaɗai ba. Na sauko da sauri zan tare shi, ya girgiza kai.

"Wannan ai ɗaurin kallabi ne. Ko kaza ba za ki kai nan kusa Bonaberi da shi ba."

Ya ce in buɗe tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe. A ciki akwai igiyoyin da yake ɗaure tamfol a mota, da robar taya da aka yayyanka dogo-dogo. Na kawo. Ya saki sandar ya kama bututun nan da mai walda ya kafa, ya matso kaɗan-kaɗan har inda jarkokin suke. A lokacin soso bai rufe ko rabin sama ba, kuma akwai mutum biyu a baranda. Na gan su. Na tabbata shi ma ya san suna nan. Bai ɗaga kai ba.

Da hannu ɗaya da haƙori ya nuna mini. A zagaya sau biyu, a ratso ta ƙarƙashi, a ja baya, sannan a danne da roba don in kaya ya jijjiga ɗaurin ya ƙara kamawa maimakon ya saki. Na yi, ya ce in kwance. Na sake, ya ce in kwance. Sai da yatsuna suka yi ja kafin ya ce, "To, haka." Muka bi layin nan jarka bayan jarka, shi yana faɗa ni ina ɗaurewa. Da muka kai ƙarshe na duba, ashe bakin famfo muke. Na shiga kicin kamar zan duba wuta, na tsaya bayan ƙofa na share hawayena da gefen zane.

Daga nan aikin ya zama nasa. Kowace safiya sai ya bi bututun yana duba kayansa, yana jan kowace igiya ya ji ko ta saki. Shi ke faɗin wadda ke son ruwa da wadda ta ƙoshi. Ya sa na kawo masa 'yar buta mai dogon baki, yana riƙe ta da hannun daman da ba ya jin magana, ruwan yana zuba rabi a shuka rabi a ƙafarsa. In na ce in karɓa sai ya harare ni. Soso ya rufe sama ruf, ya fara fure rawaya. Ganyen dankali ya zubo daga jarkoki ya lulluɓe su har ba ka ganin robar. Hasken da ke shigowa tsakar gidan ya yi laushi, ɗakin Baba da ke zama kamar tanda da la'asar ya yi sanyi. Na koma tankaɗe da wanke-wanke ba tare da mayafi ba.

Abu ɗaya ya rage yana cin raina, iska. Ganyen da ya yi kauri ya zama kamar tabarmar da aka shanya a tsaye. Duk sanda hadari ya haɗu sai in tuna maganar magini, in tuna cewa bayan katangar nan akwai ɗan lungun da mutanen bene ke wucewa su ɗebi ruwa.

A watan Agusta aka gwada mu. Bayan azahar gari ya yi baƙi kamar magariba, iska ta taso daga wajen kogi tana ɗaga kwanukan mutane. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin wani lokaci kwata ta cika ta shigo, takalmanmu suna yawo a tsakar gida. Bangon ganyen ya riƙa sunkuyowa yana miƙewa, ƙarafan suna kuka. Na ce wa Baba mu koma can ƙuryar ɗaki, ya ce in kawo masa kujera bakin ƙofa. Ya zauna, ƙafafunsa cikin ruwa, yana kallo kamar yadda nake jin yana kallon kaya ta madubi in ya hau gangaren dutse.

"Baba, in ya ja katangar fa?"

"Bai taɓa ta ba. Duba ƙasan ginshiƙi, kada ki duba ganye."

Na duba. Saman yana rawa, amma gindin ko motsi. Can na lura rawar saman ma ta ragu, kamar wani ya riƙe shi, ga shi kuwa iskar ba ta sassauta ba. Ban gane dalili ba, na dai ci gaba da addu'a.

Wajen la'asar ruwan ya tsagaita. Na fita ina ƙirga ɓarna da ido: ganye ya kakkarye, furen soso ya zube ya rufe ruwa, ƙasa ta zubo daga wasu jarkoki. Amma ko ɗaya ba ta faɗo ba, katanga kuma tana nan yadda take. Na jingina da bututun nan na sauke wata ajiyar zuciya da na daɗe ina riƙe da ita.

Ina cikin sharar ruwa aka buga ƙofa. Na buɗe, sai ga matar nan ta bene, wadda ta yi wa Baba sannu. Babbar mace ce, daga yammacin ƙasar ta fito, kifi busasshe take sayarwa. Jikinta sharkaf. Na ce a raina shi ke nan, wani abu ya faɗa musu. Tun da aka kafa ƙarafan nake jiran ranar da za su zo su ce mun tare musu haske, ko mun mai da su mayu.

Ta gaishe ni da Faransanci tana haɗawa da 'yar Hausar kasuwa. Ta ce ta zo ne ta faɗa mini kada in ga igiya a sama in yi mamaki. Da iska ta yi ƙarfi ta ga kan ragar yana lilo, sai ta kwance igiyar shanyarta, ita da ɗanta suka zaro ta cikin ragar suka ɗaure a ƙarfen barandarsu.

"In kina so in kwance, sai in kwance. Amma da kin bar ta har damina ta wuce."

Na ce ta shigo. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon bangon daga ciki, ta riƙe haɓa. Ta ce daga sama bayansa kawai suke gani, ba ta san haka yake da kyau ba. Sannan ta rage murya.

"Maman, kin san mu ma kin taimake mu. Ba ni da wurin shanya sai wannan baranda. Kullum in na fito sai in ga cikin gidanku, in rasa inda zan kai idona. Ranar da na yi wa Papa sannu ya koma ɗaki, na kwana ina jin nauyi. Na hana yarana tsayawa wurin da safe, amma sauran 'yan haya ba ni da iko da su."

Ban taɓa kawo wa raina cewa su ma a takure suke ba.

Baba yana jin mu daga kujerarsa. Ya ce in tambaye ta wane irin ɗauri ta yi wa igiyar. Na tambaya, ta kwatanta da hannu. Ya girgiza kai, ya ce gobe ta sauko ya koya mata na gaske. Ta yi dariya har tana dafa gwiwa. Na tsinko mata ɗoɗɗoya da ciyawar shayi, ta tafi da su a gefen zane. Washegari kuwa ta zo, ta kawo mana kifi, ta zauna ya sa ta kwance ta ɗaura har sai da ya gamsu.

Bayan damina na koma kasuwa sosai, domin Baba ya fara iya kai kansa bayi da bakin famfo, wani lokaci ko bututun ba ya kamawa. Maganarsa ma ta warware, sai in ya gaji take karkacewa. Fita waje ce dai bai taɓa ambata ba, ni ma ban matsa ba.

Wata Alhamis na dawo da wuri. Na yi sallama, shiru. Na leƙa ɗaki, ba kowa. Bayi a buɗe, ba kowa. Sandarsa ba ta nan, hularsa ba ta kan ƙusa. Na fito lungu a guje, ko mayafin kirki ban yafa ba, ina leƙa kwata ta dama da ta hagu, zuciyata tana gaya mini abubuwan da ba na son ji. Na tambayi mai gasa masara, ta nuna mini bakin titi da mafici.

Yana teburin mai shayi. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a tun ranar ba ta zo ba, ya zauna a tsakiyar abokansa, kofi a hannun hagu, yana gaya wa wani cewa bai san hanyar Tibati ba in bai bi ta da damina ba. Na tsaya daga nesa ina haki. Shi ya fara hango ni.

"Uwata, lafiya? Gobara ake?"

"Lafiya lau, Baba. Na zo sayen madara ne."

"To saya mana."

Abokansa suka yi ta dariya, don kowa ya ga ba jaka a hannuna. Mai shayi ya miƙo mini gwangwanin madara ya ce in tafi da shi. Na jira har suka gama gardamarsu, aka kira la'asar, suka rankaya masallaci da shi a tsakiya, ɗaya yana gaba yana kore babura. Ni kuma na koma gida ni kaɗai, a hankali.

Na tarar dodon koɗi sun cinye mini rabin ganyen dankali a layin ƙasa. Na ɗauko tsohon kwano na tsuguna ina tsince su ɗaya-ɗaya, har na ji ƙarar sandarsa a lungu, yana tafe yana amsa gaisuwar mutane.